Zaɓen Yadi Don Tufafin Aiki: Masana'anta da Asibiti

Jawabin yau ya shafi wani abu da kowa ke gani kullum, amma ba kasafai ake kula da shi ba, watau yadin da ake ɗinka wa ma'aikata tufafin aiki da shi. A wurare da yawa, idan shekara ta kewayo sai a ba ɗan kwangila aikin kawo riguna, shi kuwa ya shiga kasuwa ya nemi yadin da ya fi araha ya kai wa tela. Launi kaɗai ake dubawa: shuɗi ko kaki ga ma'aikatan masana'anta, fari ko kore ga na asibiti. Wannan sakaci yana iya jawo asarar rai. Amfanin rigar aiki shi ne ta kare wanda ya sa ta, kuma haɗarin da ke gaban mai walda dabam yake da wanda ke gaban nas. Saboda haka kafin a tambayi kuɗin yadi, wajibi ne a fara tambayar irin haɗarin da ke wurin aikin.

Halin Zare

Yawancin yadin da ke kasuwannin Nijeriya an saƙa shi ne da auduga, ko da zaren da ake sarrafawa daga man fetur, ko kuma da haɗin biyun. Daga cikin zaren man fetur akwai nailan da foliyesta, wanda aka daɗe da saninsa da sunayen Terylene da Tetoron. Kowanne yana da halinsa. Auduga tana shan gumi, tana barin iska ta ratsa jiki. Idan ta kama wuta takan ci ta zama toka, amma ba ta narkewa. Foliyesta kuwa yana da ƙarƙo, ba ya yamutsewa, yana bushewa da wuri, ba ya saurin koɗewa. Sai dai idan zafi ya kai kimanin digiri 250 zuwa 260 a ma'aunin Salshiyos, yakan narke kamar leda, ya manne wa fata. Ƙunar da narkakken zare ke yi ta fi zurfi, ta kuma fi wuyar jiyya, domin sai likita ya ɓanɓare shi daga naman jiki.

Tufafin Masana'anta

Tun zamanin kakanni maƙera sun san wannan darasi, shi ya sa suke ɗaura walkin fata a bakin maƙera. A yau wuta da zafi su ne babban haɗari ga mai walda, da mai narka ƙarfe, da ma'aikacin matatar mai, da mai gyaran manyan wayoyin lantarki. Bai kamata ɗaya daga cikinsu ya sa rigar nailan ko foliyesta ba, ko da kuwa singileti ce a ƙarƙashin rigar aiki. Mafi ƙarancin abin da ya dace da su shi ne kakin auduga zalla mai kauri da matsattsiyar saƙa, wanda nauyinsa ya kai wajen giram 300 a kowane murabba'in mita.

Amma kada a manta, auduga tana cin wuta. Don haka inda haɗarin ya yi yawa akan yi amfani da audugar da aka jiƙa da sinadarin hana ci da wuta, kamar wadda ake sayarwa da sunan Proban, ko kuma zaren aramid irin Nomex, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fitar kasuwa a 1967. Irin wannan yadi yakan mutu da kansa da zarar an janye shi daga harshen wuta. Ulu ma yana da wuyar kamawa, shi ya sa ake amfani da shi mai kauri a wuraren narka ƙarfe. Ƙungiyar daidaita ingancin kaya ta duniya, watau ISO, ta sa lamba 11612 ga ƙa'idar tufafin kariya daga zafi da wuta, 11611 ga ta masu walda, 20471 kuma ga riguna masu ƙyalli na masu aiki a kan titi. Mai saye ya nemi waɗannan lambobi a jikin rigar.

Ba a kowace masana'anta wuta ce haɗari ba. Duk wanda ya taɓa aiki da ruwan batir ya san yadda yake huda rigar auduga. A irin wannan wuri foliyesta ya fi jurewa, a kuma ɗora rigar roba a kansa. Ke nan babu yadi ɗaya da ya dace da kowane sashe, ko da a cikin masana'anta ɗaya.

Ɗinki ma yana da muhimmanci. Riga mai faɗin hannu ko mai lilo inji yana iya fizgarta. Aljihu buɗaɗɗe da naɗaɗɗen ƙafar wando kuwa sukan tare tartsatsi. Rigar da maiƙo ya jiƙa, kome kyawun yadinta, ta zama makamashi.

Tufafin Asibiti

A asibiti abokin gaba ba ya ganuwa. Ƙwayoyin cuta ne da ke cikin jini da majina da sauran ruwan jiki. Tarihin ƙasar nan ya nuna irin tsadar wannan haɗari. A 1969 aka fara gane zazzaɓin Lassa, bayan wata nas ta kamu da shi a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, aka kai ta Jos ta rasu, sa'an nan nas ɗin da ta yi jiyyarta ita ma ta rasu. A watan Yuli na 2014 cutar Ebola ta shigo Legas, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Ameyo Stella Adadevoh, likitar da ta hana majiyyacin farko fita daga asibiti.

Tufafin asibiti iri biyu ne, kuma bai kamata a gauraya su ba. Na farko shi ne rigar yau da kullum ta nas da unguwarzoma da likita. Abin da ake nema gare ta shi ne ta jure wanki mai tsanani kowace rana. Ƙa'idar da asibitocin Ingila ke bi ita ce a wanke kayan majiyyata a ruwa mai zafin digiri 71 na aƙalla minti 3, ko digiri 65 na aƙalla minti 10. Yadin da ke tsukewa ko zuba a irin wannan wanki bai dace ba. A nan ne haɗin foliyesta da auduga yake da amfani, musamman na kashi 65 da kashi 35 cikin ɗari, mara nauyi, wajen giram 150 zuwa 200 a murabba'in mita. Yana da sauƙi a jiki lokacin zafi, yana bushewa da wuri lokacin damina. Gajeren hannu ya fi, domin ma'aikaci ya iya wanke hannunsa har gwiwar hannu. Ga shi dai yadin da aka hana mai walda shi ne ya dace da nas.

Iri na biyu shi ne rigar da ake ɗorawa a ɗakin tiyata, da ɗakin haihuwa, da inda aka keɓe masu cututtuka masu yaɗuwa. Aikinta shi ne ta hana ruwa ratsawa. Auduga, wadda ake yabo don shan gumi, a nan shan ruwan nan nata shi ne aibinta, domin da zarar ta jiƙe da jini ƙwayoyin cuta sun sami hanyar wucewa. Don haka akan yi amfani da foliyesta mai matsattsiyar saƙa wanda ke jure tukunyar tururi mai zafin digiri 121 ko 134, ko kuma rigar yarwa da ake yi da zaren folifirofilin, a sa sau ɗaya a ƙone. Wannan rigar yarwa tana narkewa a wajen digiri 160, saboda haka ba ta da wuri kusa da wuta.

Wanki da Kulawa

Kuskure a wajen wanki yana iya lalata yadi mai tsada. Bilic, wanda asibiti ke dogara da shi don kashe ƙwayoyin cuta, yana ɓata sinadarin hana ci da wuta, yana kuma raunana zaren aramid. Rigar za ta fito fes, amma kariyarta ta tafi ba tare da mai ita ya sani ba. Haka kuma bai dace ma'aikacin asibiti ya haɗa rigar aikinsa da kayan iyalinsa a baho ɗaya ba, ko ya shiga kasuwa da ita. Wanda ke aiki da guba ko ƙurar darma shi ma kada ya kai rigarsa gida inda yara suke.

Gwaji Mai Sauƙi

Ma'ajin sito ko tela yana iya gane irin zare da ashana ɗaya. A yanki ɗan ƙyalle, a riƙe shi da almakashi a wurin da babu mai ko gas, a kusantar da shi ga wuta. Auduga takan ci da warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Foliyesta da nailan sukan takure su narke, su bar dunƙule mai tauri. Ulu yakan yi warin ƙonannen gashi. Wannan gwaji yana tona asirin yadin jabu, amma ba ya maye gurbin takardar shaidar inganci daga ɗakin gwaji.

Abin da Doka Ta Ce

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya samar da tufafin kariya da suka dace, ya kuma kula da su, ga ma'aikatan da aikinsu ke haɗa su da jiƙa ko da abubuwa masu cutarwa. Sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne ke da alhakin duba wannan. Hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya, SON, wadda aka kafa a 1971, ita ce ke kula da ƙa'idojin kayan da ake sayarwa a ƙasa.

Saboda haka ana kira ga shugabannin masana'antu da na asibitoci da su rubuta irin zare, da nauyin yadi, da yadda za a wanke shi a cikin takardar kwangila, kada su tsaya a kan launi da adadi. Ana kuma kira ga ƙungiyoyin ma'aikata da su nemi a nuna musu samfuri kafin a saya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wajen tufafin aiki kuwa, abin da aka rage a kuɗin yadi, ma'aikaci ne zai biya shi da fatarsa ko da lafiyar iyalinsa.