Bayan Guangzhou, Ina Kuma?

Ɗan kasuwar Kano da ya saba zuwa Guangzhou sarin kaya, in ya ƙara 'yan kwanaki, zai sha kallo a ƙasar Sin.

A Beijing, tsohuwar fadar sarakuna galibi a rufe take ranar Litinin, tikitinta kuma sai an yanka ta intanet da lambar fasfo tun da wuri. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya, wanda aka buɗe layinsa a 2011, kan kai fasinja daga Beijing zuwa Shanghai cikin kimanin awa huɗu da rabi. Daga nan, Suzhou mai tsofaffin lambuna tafiyar rabin awa ce a jirgin ƙasa.

Makon farko na Oktoba kam hutun ƙasa ne. Tashoshi kan cika maƙil, kuɗin masauki ya hau, tikitin jirgi ya yi wuyar samu.