Fayawol da Zaɓen Hanya: Abin Lura Kafin a Kunna OSPF da BGP



Jawabina na yau a kan yadda ake saita fayawol ne, wato katangar tsaron netwok, ta riƙa koyon hanyoyin tura bayanai da kanta maimakon a rubuta mata su da hannu. Ƙaramin ofis mai layin intanet ɗaya ba ya buƙatar wannan. Amma jami'a ko banki mai rassa, da ke sayen layi daga kamfanoni biyu ko uku, ba zai jira injiniya ya farka da tsakar dare ya sauya hanya ba duk lokacin da layi ya yanke.

Tsohon tsarin RIP ba ya wuce zango 15, kuma duk daƙiƙa 30 yake sake sanar da maƙwabta, shi ya sa aka fi barinsa. A cikin gida OSPF ake amfani da shi, wanda aka fayyace a RFC 2328 a 1998: kowace na'ura tana riƙe da taswirar yankinta, tana fitar da hanya mafi sauƙi da lissafin da Dijkstra ya wallafa a 1959. Tsakaninka da kamfanin intanet kuwa BGP ne, kuma idan za ka sanar da adireshinka ga duniya, sai ka mallaki lambar AS, wadda a nahiyarmu AFRINIC ke bayarwa.

To, ina bambancin fayawol da rawuta? Rawuta tana duba adireshi ne ta tura, ba ruwanta da abin da ya gabata. Fayawol kuwa kamar mai gadi ce mai rajista: duk hulɗar da ta fita sai ta rubuta, kuma amsar da ta zo ba tare da an rubuta fitarta ba, jefar da ita take yi. Nan abin lura na farko yake. Idan buƙata ta fita ta fayawol ta farko, amsa ta dawo ta ta biyu, hulɗar ta mutu, alhali teburin hanyoyi lafiya lau yake. Maganinsa shi ne a tilasta fita da dawowa su bi ƙofa ɗaya. A OSPF a daidaita farashin kowane layi ta ɓangarorin biyu. A BGP a fifita layi ɗaya wajen fita, a tsawaita jerin AS a kan ɗayan don kada amsa ta biyo shi. Idan fayawol biyu ne ke aiki tare, dole su riƙa musayar rajistarsu.

Na biyu, kada dokokin fayawol su toshe hirarta da maƙwabtanta. OSPF yana tafiya a kan lambar furotokol 89, ta adireshin 224.0.0.5 da 224.0.0.6, BGP kuma a kan TCP 179. A layin Ethernet, OSPF yana gaisawa duk daƙiƙa 10, yana ɗaukar maƙwabci ya mutu bayan 40. Idan waɗannan lambobi ko lambar yanki suka saɓa, ba za a ƙulla maƙwabtaka ba. Idan kuka ga an maƙale a matakin ExStart, ku fara duba MTU, wato iyakar girman fakiti. Wanda daƙiƙa 40 ta yi masa yawa, ya haɗa da BFD, mai iya gano yankewar layi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne tacewa. A watan Fabrairun 2008 Pakistan Telecom ta so toshe YouTube a cikin ƙasarta, sanarwar ta ɓulla waje, shafin ya ɗauke a sassan duniya na kusan awa biyu. A watan Nuwamban 2018 kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da zirga-zirgar Google ta Rasha da Sin fiye da awa ɗaya. A duka biyun, da maƙwabcin da ke sama ya tace abin da aka miƙo masa, da abin bai bazu ba.

Saboda haka, ku rufe OSPF a duk layin da ke fuskantar masu amfani ko intanet, ku sa mabuɗin sirri tsakanin maƙwabta, ku rubuta jerin adireshin da za ku karɓa da wanda za ku sanar, ku ƙayyade yawan hanyoyin da maƙwabci zai iya turowa, ku yi wa adireshinku rajistar RPKI, mai tabbatar da wanda ke da ikon sanar da shi.

Kirana ga ɗalibai shi ne ku ɗora manhajar FRR a kan fayawol ta pfSense a ɗakin gwaji, ku cire waya da gangan, ku auna tsawon lokacin da hanya take ɗauka kafin ta sauya. Shugabannin ma'aikatu kuma, kada ku amince da layin ko-ta-kwana da ba a taɓa gwada shi ba.