Masunta da tsuntsayen ruwa: guba ba magani ba ce

Maganar yau ta masunta ce, da tsuntsayen da ke ɓata musu kamun kifi.

Tabkin Madarumfa yana kudu da Maraɗi. Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi ne ke ba shi ruwa da damina. A cikinsa akwai karfasa, da tarwaɗa, da gaiwa. Gidaje da yawa da kuɗin kifin nan suke sayen hatsi.

Ga yadda abin yake faruwa. Lokacin ɗari, masunci yakan kafa kallinsa da marece, inda ruwa ba zurfi, kusa da ciyawa, don nan karfasa take kiwo. Da asuba ya hau gora ko jirgi, ya tafi ya ga abin da Allah ya ba shi. Sai ya iske tsuntsaye sun riga shi. Kirinjijiya da dinya sun sauka da yawa, suna kuka, suna bugun ruwa da fukafukai. Karfasa kuwa kifi ce mai tsoro, ta gudu cikin zurfi. Wata agwagwa ta sarƙe cikin kalli, ta yi ta fizga har zare ya tsinke. Zalɓe yana tsaye a gefe yana tsintar ƙananan kifi. Masunci ya koma gida da kifi kaɗan, ya yini yana ɗinkin kalli. Matar da ke jiran kifin da za ta soya ta kai kasuwa, ran nan ba ta samu na cefane ba.

In rai ya ɓaci, sai wani ya ce: a jiƙa hatsi da maganin ƙwari na gona, a watsa bakin ruwa. Wannan shawara halaka ce. Guba takan bi ruwa, ta kashe kifi manya da ƙanana. Shanu da awaki a nan suke sha. Yaro yana iya tsintar mataccen tsuntsu ya gasa ya ci. Kuma doka ta hana kashe namun daji ko kamun kifi da guba.

Ya kamata kowa ya san abincin tsuntsayen nan. Kirinjijiya da dinya ciyawa suke ci, da ƴaƴan ciyawa. Ba su dogara da kifi ba. Masu cin kifi su ne irin su zalɓe da kwasakwasa. Kashin tsuntsaye kuma taki ne ga ruwa, kamar yadda kashin shanu yake ga gona. Shi ke ƙara gansakuka da ƙananan tsiron da karfasa take ci.

Waɗansu agwagin baƙi ne. Daga ƙasashen Turai suke zuwa bayan damina, su koma kafin zafin bazara. Akwai yarjejeniyar duniya ta tsaron tabkuna da fadamu, sunanta Ramsar. A 2005 an sa tabkunan Tabalak, da Ɗan Dutsi, da Lasuri cikin lissafinta. A 2019 aka ƙara Madarumfa da Gidimuni.

To, mene ne ke ƙarar da karfasa? Namijinta yakan haƙa gurbi inda ruwa ba zurfi. Macen ta ɗauki ƙwai cikin bakinta, ta riƙe su har su ƙyanƙyashe. Wanda ya ja gidan sauro a wurin nan ya kwashe uwa da ƴaƴa gaba ɗaya. Ya cinye irin shuka tun kafin ruwa ya sauka. Ɓarnar tsuntsu ta yini ɗaya ce. Ɓarnar gidan sauro har baɗi ana jin ta.

Ga shawarwari 5 ga masunta:

1. A lura da inda tsuntsaye ke kwana da inda suke kiwo. A kafa kalli nesa da wurin, wajen zurfi.
2. A tashi da wuri, a duba kalli tun da sassafe. Kada a bar shi yini guda ba mai dubawa.
3. In tsuntsaye sun matsa, a kore su da kiɗan gwangwani ko tsumma bisa sanda, kamar yadda ake tsaron gero.
4. A bar gidan sauro a ɗaki, ya tsare yara daga zazzaɓi. A yi su da kalli mai manyan idanu, wanda ƙaramin kifi ke wucewa.
5. In an ga tsuntsaye sun mutu da yawa, kada a taɓa, kada a ci. A gaya wa sarkin ruwa da ma'aikatan gandun daji ko likitan dabbobi. A 2006 an samu murar tsuntsaye a Magariya, kuma cutar tana iya kama mutum.

Duk wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa wannan magana. Masuntan kowane gari su zauna da sarkin ruwansu, su tsai da wurin da za a bar wa karfasa ta hayayyafa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya cika tabki. Amin.