Dandalin Dara a Ƙauyukanmu

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, dandalin dara ya girmi kowace ƙungiyar ƙwallo. Bayan la'asar dattawa kan haƙa gurabe 30 a gindin bishiya, kowa da 'ya'yansa 12, wannan tsinkaye, wancan tsakuwa. Ka jera uku, ka ci ɗan abokin karawarka, 'yan kallo su kaure da sowa. Nan ake jin farashin masara, nan ake sasanta maƙwabta.

Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, har da sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, dandalin ya watse a ƙauyuka da dama. Masu unguwanni, inda hankali ya kwanta, don Allah ku farfaɗo mana da shi.