Gubar Kuromiyam: Jan Kunne Ga Masu Tafiya Cin Rani

Jawabi ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na Ƙaraye da Rogo



Kogin Chalawa, wanda aka datse a Ƙaraye a shekarar 1992, shi ne yake gangarawa har Kano. A can ne ƙazamin ruwan kamfanonin jima na Chalawa da Sharaɗa yake kwarara cikinsa. Ruwa ba ya komowa baya, saboda haka dattin ba ya hawowa Ƙaraye. Amma matasan da ke zuwa birni cin rani, su suna zuwa inda yake.

Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima. Kamfanoni kuwa da wani sinadari suke yi, mai suna kuromiyam. Iri biyu ne. Wanda ake jima da shi cutarsa da sauƙi. Ɗayan kuwa guba ne, kuma na farkon yakan rikiɗe ya koma shi idan aka ƙona tarkacen jemammiyar fata. Akwai shi kaɗan a cikin siminti ma.

Idan wannan guba ya taɓa jiki, yana kawo ƙaiƙayi da ƙuraje, musamman ga birkila da leburan gini. In ya sami rauni, sai ya zama gyambo mai zurfi, mai wuyar warkewa. In aka daɗe ana shaƙarsa, yakan huda guringuntsin da ke tsakanin ƙofofin hanci, ya sa fuka, har ma da ciwon dajin huhu. In aka sha shi, yana lalata ciki da ƙoda da hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da shi.

Don haka, duk wanda ya sami aikin jima ko kwaɓa siminti, ya sa safar hannu da takalmin roba, ya rufe hanci. Ya wanke hannu kafin cin abinci. Kada a yi wanka ko alwala a magudanar kamfani. Kada a hura wuta da guntayen fata, kada a zuba dattin kamfani a gona da sunan taki.

Wanda ya dawo gida da gyambo ko tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya tafi asibiti, ya gaya wa likita irin aikin da ya yi.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.