Shin Dokar Tsabtar Abinci Za Ta Hana Mu Lambun Gida?

(Jawabin da Kwamitin Noma da Lafiya ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 



Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san cewa a da ba a sayen ganyen miya. Kowane gida akwai gindin zogale, akwai rama da yakuwa a jikin danga, ga kabewa ta haye rumfa. Da neman ilmi da aiki suka kawo mu birni, sai muka bar wannan al'ada, muka dogara da 'yan gwari. Tsadar kayan miya ce ta farkar da mu, musamman tun shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna. A yau da yawa daga cikinmu, musamman mata, suna shuka alayyahu da latas da attaruhu a cikin buhuna da tsofaffin bokitai, wasu har suna sayar da rarar su biya kuɗin makarantar yara.

Wasu daga cikin waɗannan bayin Allah ne suka kawo wa kwamiti tambaya: wai sun ji an ce ƙasashen Turawa sun yi dokar tsabtar abinci wadda ta hana mutum shuka a gidansa, kuma wai dokar na nan tafe gare mu. Har an sami wadda ta fasa haƙa rijiyar da ta yi niyya saboda wannan magana. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi diddigin zancen.

Inda Maganar Ta Samo Asali

Ruwa ba ya tsami banza. A shekarar 2006 alayyahu mai ɗauke da ƙwayar cuta ya kwantar da mutane kusan 200 a Amurka, uku suka rasu. A tsakanin 2008 da 2009 kuma gurɓataccen tunkuzar gyaɗa daga wata masana'anta ya kama mutane fiye da 700, tara suka mutu. Wannan ya sa majalisar ƙasar ta shiga gyaran dokokinta na abinci. Tun ana muhawara a 2009 jita-jita ta bazu cewa za a haramta lambun gida. Shugaba Barack Obama ya sa wa dokar hannu ranar 4 ga Janairu, 2011, kuma da aka fitar da ƙa'idojin noman ganye da 'ya'yan itatuwa a 2015, sai ga shi an rubuta ƙarara cewa abin da mutum ya noma don cin kansa ba ya cikin abin da dokar ta shafa. Haka nan gonar da cinikin kayan lambunta bai wuce dala 25,000 a shekara ba, an tsame ta.

Sai dai akwai inda aka taɓa lambun gida a can, kuma ta wata ƙofa daban aka ɓullo. A wani ƙaramin gari kusa da birnin Miyami, a jihar Fulorida, hukumar gari ta tilasta wa wani magidanci da matarsa tuge lambun da suka shekara 17 suna renonsa a ƙofar gidansu, a 2013, bisa dokar tsara unguwa da ƙawata ta, in sun ƙi su biya tarar dala 50 kullum. Sun je kotu ba su yi nasara ba, sai a 2019 majalisar jihar ta yi dokar da ta hana ƙananan hukumomi irin wannan katsalandan. Darasin a nan shi ne, mai lambu ya fi fuskantar matsala daga dokar gini da tsarin unguwa fiye da dokar abinci.

Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Mu dawo gida. Gwamnatocinmu sun daɗe suna roƙon jama'a su yi noma a gidajensu. Dattawan cikinmu ba su manta da shirin OFN na ciyar da ƙasa ba, wanda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a 1976. Ita kuwa hukumar NAFDAC, wadda aka kafa da doka mai lamba 15 ta 1993, aikinta shi ne sa ido kan abinci da magunguna da sinadarai da ruwan leda da ake sarrafawa, ko a shigo da su, ko a fitar, ko a sayar wa jama'a. Alayyahun da uwargida ta tsinka a tsakar gidanta ta jefa a tukunya ba ya buƙatar lambar kowa.

Amma akwai wurare uku da doka za ta iya riskar mai lambu. Na farko, ranar da ya busar da zogale ko ya niƙa yaji, ya ƙulla a leda ko ya zuba a roba, ya manna suna, ya kai kanti. Daga nan ya zama mai sarrafa abinci, sai da rajista. Na biyu, maganin feshi: hukuma na da ikon hana wani magani ko taƙaita sayar da shi, kamar yadda ta yi a 2019 da ƙananan kwalaben maganin ƙwari mai sinadarin DDVP. Na uku, duba-gari da hukumomin tsara birane da masu gidajen haya: ruwan da ya kwanta yana tara sauro, ko takin da warinsa ya dami maƙwabta, ko shukar da ta ci hanya ko ta toshe magudanar ruwa, duk suna iya jawo takardar gargaɗi.

Haɗarin da Ya Fi Kusa da Mu

Jama'a, tun da doka ba ta leƙa tukunyarmu, babu mai tsare mana ita sai mu kanmu, kuma a nan ne muke da gyara. Sinadarin DDVP ɗin da muka ambata shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Iyakar da suka yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, amma an sami buhunan da suka kai miligiram 4.6. Waken da aka ƙi a can, mu da 'ya'yanmu muke cin ɗan'uwansa a nan.

Haka batun ruwa. Mazauna Kano cikinmu sun san lambunan da ke gefen Jakara da Getsi, inda ake ban ruwa da abin da ya kwararo daga lambatun gari da masana'antun Bompai, sun kuma san ruwan majemun Sharaɗa da Challawa mai ɗauke da sinadarin jima. Wanki na iya rage ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, amma gubar ƙarfen da ta shiga jikin ganye ba ta fita da wanki ko dahuwa. Wanda ya kafa lambu don ya tsira daga wannan, sannan ya riƙa ɗibar ruwan kwata yana ba shukarsa, ya gudu ne bai tsira ba. Latas da kabeji da karas da gurji sun fi haɗari, domin ɗanyu ake cinsu.

Shawarwarin Kwamiti

Na ɗaya, a yi ban ruwa da ruwan rijiya ko famfo ko na sama da aka tara. Ruwan wankin shinkafa da na alwala ma suna yi. A zuba a gindin shuka, kada a watsa kan ganye.

Na biyu, kashin kaji da na dabbobi a bar shi ya ruɓe sarai kafin a zuba. Ƙa'idar da manoman da ba sa amfani da takin zamani ke bi a Amurka ita ce kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa.

Na uku, kada a sayi maganin feshin da aka juye a kwalbar da ba ta da rubutu. A karanta kwanakin da aka ce a jira tsakanin feshi da tsinka, a kuma cika su. Maganin sauro da na kyankyaso ba na ganye ba ne. Ga ɗan lambun buhu goma, toka da jiƙon ganyen darbejiya da tsince tsutsa da hannu sukan wadatar.

Na huɗu, muna roƙon shugabannin rassa su haɗa matan da ke sayar da garin zogale da yaji a ƙungiyar gama kai guda, su nemi rajista tare, domin abin da ya gagari mutum ɗaya ba zai gagari ashirin ba. Membobinmu malaman gona da jami'an lafiya kuma su ba da rana ɗaya a kowane reshe su koyar kyauta.

Kammalawa

Saboda haka muna ce wa 'yar'uwarmu da ta fasa haƙa rijiya ta koma ta kira masu haƙa, ta nisanta ta daga masai, ta nemi yardar mai gida idan haya take. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya sa albarka a abin da muke shukawa, Ya ƙara wa garinmu zaman lafiya da arziki, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.