Mai Riƙon Maraya da Hutun Aiki



A ƙasar nan tamu, idan mace ta rasu wajen haihuwa, kafin sadakar bakwai dangi sun yanke shawara: yaya ko ƙanwar mamaciya ce za ta ɗauki jinjirin. To, a ce ita mai ɗaukar malamar firamare ce a Hunƙuyi ta jihar Kaduna. Daren jiya sau huɗu tana tashi dafa ruwa, ta wanke bulumboti, ta dama madarar gwangwani, ga cibiya ko faɗuwa ba ta yi ba. Da safe kuma rajistar ma'aikata na jiran sa hannunta.

Me doka ta tanadar mata? Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mace mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, ya kuma hana a kore ta a wannan lokaci. Sai dai da wadda ta haihu yake magana. Hutun wata 6 da gwamnatin Kaduna ta amince wa ma'aikatanta mata a 2019, shi ma don shayarwa aka yi shi, kuma abin a yaba ne.

Gwamnatin Tarayya ta ɗan buɗe ƙofa. Takardar da ta fitar a 2022 ta ba ma'aikacinta namiji kwana 14 na aiki idan matarsa ta haihu, haka nan idan iyalinsa suka karɓi jaririn da bai kai wata 4 ba. A Amurka kuwa, tun 1993 doka ta haɗa mai haihuwa da mai riƙo: mako 12, babu albashi, amma kujerarka na nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne, riƙonmu na zumunci ne, ba a rubuta shi, ofis kuma takarda ya sani. Saboda haka baiwar Allah, kada ki tsaya ga "je ki, ba komai" ta fatar baki daga shugaban makaranta. Ran da aka canza shi, ke ce mai fashin aiki. Ki samo shaidar mai unguwa ko dagaci, ki kai sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, ki nemi hutun a rubuce, ki adana kwafi. Rubuta riƙo ba ya canza wa yaro uba.

Ku kuma shugabannin ƙungiyar malamai da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, ku kai wa 'yan majalisarmu na Kaduna wannan magana, a sa mai riƙo cikin dokar hutu.